Ɗamara Mai Mariƙi Huɗu

Shekara biyu da shanyewar ɓarin jikin mijinta, Anti Tela ta san nauyinsa fiye da yadda ta san nata. Ƙaton mutum ne, tsohon direban babbar mota, wanda a da sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗaki. Yanzu kuwa sau shida a yini sai ta ɗaga shi: daga gado zuwa keken guragu, daga keken zuwa banɗaki, a dawo, a sake. In ta kama hammatarsa ya zame, in ta kama wuyan riga rigar ta yage. Wata safiya suka zube tare tsakanin gado da bango, shi a sama ita a ƙasa, suka fi rabin awa a haka kafin maƙwabciya ta jiyo kiranta.

"Da ma kin bar ni a nan," in ji shi da karkataccen bakinsa. "Ƙasan ma ba laifi, akwai sanyi."

"In na bar ka wa zai riƙa yi mini gardama?"

Ta yi dariya don ya gani, amma bayanta sai da ya yi mako yana mata ciwo.

Shagonta ɗaki ne a gaban gidan, ƙofa ɗaya ta waje ɗaya ta ciki: keken ɗinki biyu, teburin yanka, da buhunan ƙyallaye a jingine. A ƙarƙashin teburin akwai ragowar tamfol ɗin motar mijin, wanda ya hana a yar. Shi ta jawo ranar. Ta auna ƙugunsa, ta yanka faffaɗar ɗamara, ta ninka ta biyu, ta ɗinka mata mariƙi biyu ta baya. Da ta ɗaura masa ta ja, sai ga shi ya taso kamar ba shi ba. Ya kalle ta, ta kalle shi.

"To," ya ce, "yau na zama kaya. Saura ki rubuta mini lamba."

Ƙanwarta, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta ga ɗamarar ta hau salati.

"Yaya, kin san mutum nawa ke zuwa kantinmu da ciwon baya saboda ɗaga maras lafiya? Kawo wayarki."

A nan take ta shigar da ita wani shafi na intanet da ake kira Zauren Dabara. Ta yi mata bayani cewa wuri ne na aikin gayya, sai dai na tunani: wani ya kawo matsala, jama'a su taru a kanta, kowa ya ajiye abin da ya sani a fili, wani ya ɗauka ya ɗora. Wasu dogayen sharuɗɗa suka fito a fuskar wayar, ƙanwar ta ja su da yatsa har ƙasa ta danna “Na yarda”.

"Me suka ce?"

"Irin surutun nan ne da ba mai karantawa."

Anti Tela ta sa hoton ɗamarar da ɗar-ɗar, tana jin kunyar tsohon tamfol. Kafin azahar amsoshi sun fi sittin. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a ƙara mariƙi biyu ta gefe, don mai ɗagawa ya daina sunkuyo. Wani mai walda ya ce maɗaurin roba ba zai riƙe ba, ya ƙera na ƙarfe ya aiko mata a mota. Shi kuma mai shafin, wanda kowa ke kira Injiniya, ya maƙala hoton a can sama ya rubuta: "Ga abin da muke faɗa kullum. A nan ba mai ɓoye dabara, ba kuma mai mallakarta."

Amma wanda ya fi kowa zama a kan maganar wani tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Matarsa ma ba ta iya tashi, shekara huɗu ke nan. Malam ba ya rubuta “madalla” ya wuce. Tambaya yake yi. Nauyin mai gidanki nawa? Zare wane iri? A ina ta fara nuna gajiya? Da ta gaya masa mariƙin farko ya fara ɓallewa ta gindi, ya kwana biyu yana zane, sannan ya turo mata hoton takarda da kibiyoyi.

"Ƙanwata," ya ce a saƙon murya, "duk nauyin a nan yake taruwa, a wuri kamar faɗin akwatin ashana. Ni lissafi na iya, allura kuwa ko zare ban iya zura mata ba. Ke za ki san yadda za a raba shi."

Ta sani kuwa. Ta sayo zaren masu takalmi, ta ɗinka gindin kowane mariƙi murabba'i, ta gicciya a ciki, ta sake bi sau biyu. Ta rataye ɗamarar a ƙarfen rufin shago, ta sa ƙanwarta da maƙwabciya suka yi lilo da ita tare. Ko gezau. Malam ya turo dariya mai tsawon minti guda, ana jiyo matarsa a gefe tana cewa a gaishe da mai ɗinki.

Ɗamara ta biyu da ta ɗinka tasa ce. Daga nan ta ɗinka wa duk wanda ya nema a Zauren, wanda ya kawo tamfol da wanda bai kawo ba. Ta ɗauki bidiyon yadda ake yanka, ta sa awo, ta sa komai. Wasu teloli a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba suka riƙa turo hoton nasu. Tun da ciwon nan ya shigo gidan, duniyarta ta tsaya a ɗaki biyu da banɗaki; yanzu in ta zauna shan shayi da safe, mutane ne ke jiran ta ce wani abu. Har ƙiba ta ɗan yi.

Ana nan, bayan kamar shekara, Injiniya ya yi sanarwa da manyan haruffa. Wani kamfanin kayan asibiti ya ga aikin Zauren, zai ƙera ɗamarar da yawa, ta shiga kantuna da asibitoci. "Nasarar kowa ce," in ji shi. Mai walda ya tambaya ko za a sa sunan Anti Tela. Injiniya ya amsa da ladabi cewa bisa sharuɗɗan da kowa ya amince da su ranar shiga, duk abin da aka ajiye a Zaure na Zaure ne, Zauren kuma yana da ikon ba wanda ya ga dama. Ya ƙara da cewa ai ba don suna ake yi ba. Washegari ta nemi bidiyoyinta ta rasa. Wai an ɗauke su na ɗan lokaci, don kada a ruɗa jama'a da awo iri biyu.

Ta kira ƙanwarta.

"Abin da kika danna mini ranar nan, ashe kyauta na yi da hannuna."

"Yaya, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Ai ba mai karantawa."

Duk da haka da katin gayyata ya zo na bikin ƙaddamarwa, ta ɗinka sabuwar riga. Ta bar mijin da ƙanwarta, ta hau mota biyu zuwa otal ɗin. Zauren taron sanyi kamar cikin firji, kujeru sanye da fararen riguna, ga majigi a gaba. Aka ba ta wuri a layi na goma sha ɗaya. Ta waiga ko za ta ga Malam, sannan ta tuna ba shi da wanda zai bar wa matarsa.

Injiniya ya hau mumbari cikin kwat. A hoto ya fi haka tsufa. Ashe yaro ne da bai fi ɗan cikinta ba da ta haihu da wuri. Ya iya magana. Ya ce zamanin mutum ɗaya ya kulle ɗaki yana ƙirƙira ya wuce, yanzu taro ke ƙirƙira. Majigi ya nuna ɗamara shuɗiya mai sheƙi da tambarin kamfani, a ƙasa an rubuta: An samar da ita tare da mutum dubu uku na Zauren Dabara. Aka yi tafi. Ita ma ta tafa, don ta ga na kusa da ita yana kallonta.

Da aka tashi shan lemo ta nufi teburin da aka baje ɗamarun. Ta ɗauki ɗaya. Yadin mai kyau ne, ya fi tamfol taushi, maɗaurin ma ya fi na mai walda kyan gani. Sai ta juya ta ciki, kamar yadda duk tela ke yi in ya riƙe ɗinkin wani. Gindin mariƙin layi ɗaya ne na zare, siririn zaren riga, an bi sau ɗaya an wuce. Ta sa babban yatsa ta ɗan ja, ta ga ramukan allura sun buɗe baki.

"Mama, a ajiye don Allah," in ji wata ma'aikaciyar kamfanin. "Na kallo ne, ba a taɓawa."

Ta ajiye. Ta kutsa cikin mutane har ta kai ga Injiniya, ta tsaya sai da ya gama da wasu masu kwat.

"Sannu da ƙoƙari. Ni ce Anti Tela."

Ya ɗan yi jim, sannan fuskarsa ta washe. "Ah! Mamanmu! Ku zo ku ga ɗaya daga cikin 'yan Zaurenmu na farko!" Ya dafa kafaɗarta, mai hoto ya haska su.

"Akwai maganar da nake so mu yi a kan mariƙin nan."

"Mama, duk shawara a Zaure. Ki rubuta a can kowa ya amfana, kin san tsarinmu." Kafin ta sake buɗe baki wani ya ja hannunsa.

Ɗaya daga cikin. Kalmomin nan uku su ta yi ta taunawa a mota har gida.

Mijin na zaune a kekensa a bakin ƙofar shago. Ta kwashe duka ta gaya masa, har da zancen layi ɗaya.

"To kin faɗa musu?"

"Ya ce in rubuta a Zaure."

"Sai ki rubuta."

"In rubuta su ɗauka su sa tambari? Ba suna da injiniyoyi ba? Su gano da kansu. Na gaji da yi wa mutane aikin banza."

Ya daɗe yana kallonta, yana goge gefen bakinsa da hannun da ke aiki.

"Ba injiniyoyin ne za su faɗi ƙasa ba," ya ce.

Ta ji maganar sarai. Ta shige shago ta hau keke, ta yi ta taka shi da ƙarfi don kada ya ƙara. Sau biyu a makon nan ta buɗe Zauren ta fara rubutu, sai ta ga hotonta da Injiniya a sama, an rubuta “Iyalinmu” a ƙasa, ta goge ta kife wayar. Ta ce wa kanta ai kamfani ba zai fitar da kaya bai gwada ba. Ta ce wataƙila na teburin ne kawai aka yi wa ɗinkin gaggawa. Malam ya turo gaisuwa yana tambayar yadda taro ya kasance, ta amsa da “Lafiya lau” ba ƙari.

Mako biyar bayan haka, da hantsi, tana cikin yanka rigar wata, saƙo ya shigo daga 'yar Malam. Mama ta faɗi a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye, suna asibiti.

Almakashin ya suɓuce daga hannunta.

Ta tarar da Malam a kan benci a dogon barandar asibitin, siririn tsoho mai farin gemu da tabarau, ya fi muryarsa ƙanƙanta. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma tana yin sallama ya miƙe.

"Ƙanwata. Har kin wahalar da kanki? Wa kika bar wa mai gidan?"

Suka zauna. Ya buɗe leda ya fito da shuɗiyar ɗamara. Mariƙin dama ya rabu da jikinta, zare na reto.

"Taki tana nan lafiya," ya ce, kamar mai neman gafara. "Wanki ne ya sa ta koɗe. Yarinyar nan ta ga wannan a kanti ta sayo mana, wai uwarta ta samu sabuwa. Ni ma na ce ai tamu ce, ta Zaurenmu, ya kamata mu fara amfani da ita. Na ɗago ta ke nan daga kujerar wanka, sai na ji mariƙin a hannuna, ita kuma a ƙasa." Ya cire tabarau ya goge. "Shekara biyar ban taɓa yar da ita ba. Ni da na yi lissafin wurin nan da hannuna, ban ko juya na duba ba."

Da ta yi shiru, da shi ke nan. Ba wanda ya sani sai mijinta. Ta kalli zaren.

"Malam, ni na duba."

"Na'am?"

"Ranar taron. Na juya na gani. Layi ɗaya ne. Na san ba zai riƙe ba."

Ya mayar da tabaransa a hankali.

"Kin gaya musu suka ƙi ji?"

"Na fara, ya ce in rubuta a Zaure. Ban rubuta ba. Raina ne ya ɓaci."

"Ranki ya ɓaci," ya maimaita, ba da faɗa ba, kamar yana karanta amsar ɗalibi. "Su kam na ji, sun cuce ki. Ni ma na faɗa a lokacin. To ni fa? Na tambaye ki yadda taro ya kasance. Kika ce lafiya lau."

Wata ma'aikaciya ta leƙo ta kira mai jinyar gado na takwas. Ya ninke ɗamarar ya mayar leda, ya miƙe.

"Ki gaida mai gidan," ya ce, ya shige.

A cikin motar komawa ta rubuta. Ba ta tsaya gyara kalma ba. Ta ce duk mai shuɗiyar ɗamara ya daina ɗaga mutum da ita yau ɗin nan. Da ta isa shago ta aiki ƙanwarta ta kawo ɗaya daga kantinsu, ta kafa waya a kan teburin yanka, ta fizge mariƙin da hannu ɗaya a gaban kyamara, sannan ta nuna yadda ake murabba'i da gicciye, da irin zaren. Mutum ɗari da wani abu suka gani kafin rubutun ya ɓace. A wurinsa aka sa: Ana duba wannan saƙo.

Da la'asar Injiniya ya kira da kansa. Muryarsa ba irin ta mumbari ba ce.

"Mama, kin tayar mana da hankali. Irin wannan ai sai ki kira ni."

"Na zo har gabanka."

"To, a yi haƙuri, ranar akwai hayaniya. Yanzu dai masu kamfani na so ki turo ainihin awon ɗinkin, da lambar zaren. Ni kaɗai za ki turo wa, kada a sa a fili tukuna."

"Yana cikin bidiyoyin da ka ɗauke."

Ya ce an kalla, amma masana'anta ta ce irin wannan ɗinkin na cin lokaci, shi ya sa aka sauƙaƙa.

Ta so ta zage shi. Ta so ta ce sai an rubuta sunanta a jikin kowace ɗamara, sai an mayar da bidiyoyinta, sai ya je asibiti ya durƙusa gaban tsohon nan. Ta leƙa ta ƙofar ciki ta ga mijinta ya zuba mata ido.

"Ɗauki biro," ta ce. Ta karanta masa komai, ya rubuta, ya maimaita, ta gyara masa wuri biyu.

"Allah ya saka, Mama. Wannan shi ne ruhin Zaurenmu."

Ta kashe wayar.

Cikin wata biyu aka janye shuɗayen daga kantuna ba tare da an faɗi dalili ba. Sababbi suka fito, kore, da ɗinkin murabba'i a gindin kowane mariƙi. Ƙanwarta ta kawo mata kwalin ta gani. An zana ɗinkin a gefe, an kewaye shi da jan layi, an ce sabuwar fasaha ce da ƙwararrun kamfani suka samar bayan dogon bincike. A Zaure kuma aka yi ta taya Injiniya murna, an gayyace shi wata ƙasa ya yi jawabi. Mai walda ya rubuta magana mai zafi aka cire shi. Ita ba a cire ta ba. Ba ta dai ƙara cewa komai ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Matar Malam ta fito daga asibiti, amma ko zaman kujera ba ta ƙara yi ba. Anti Tela ta ji haka daga 'yar, don shi Malam saƙonninta na shiga, alamar an karanta na fitowa, amsa ce babu. Ta zauna ta yi tunanin abin da mai kwanciya ke bukata, ta ɗinka shimfiɗa mai mariƙi shida ta juya maras lafiya a gado ba tare da an ja ƙugunsa ba. Ta gwada a kan mijinta har ya ce ta mayar da shi waina a tanda, sannan ya ga fuskarta ya yi shiru. Ba ta ɗauki hoton wannan ba.

Ranar wata Asabar ta nemi kwatance ta kai da kanta. Gidan ƙarami ne, da tukwanen furanni da suka bushe a bakin ƙofa. 'Yar ce ta buɗe, ta gaishe ta da ladabi, ta karɓi ƙunshin. Anti Tela ta nuna mata a tsaye yadda ake shimfiɗawa da inda ake kamawa.

"Malam na ciki?"

'Yar ta ɗan waiga. Daga ɗakin ana jiyo muryarsa, yana lallashin matar ta ƙara cokali ɗaya.

"Ya ɗan kwanta, Anti. Zan gaya masa kin zo."

"To. Ki ce ina duba mai jiki."

Ta tsaya kaɗan ko za a ce ta shigo. Aka tura ƙofar a hankali. Ta gyara mayafinta ta nufi bakin titi da sauri, don ƙanwarta za ta koma kanti ƙarfe biyu, ga shi lokacin kai mai gidan banɗaki ya kusa.